Darasin Wata

Mai Faci ya ce wa Malam bai gane ba, washegari kuma Malam ya rasu. Abin da unguwa ta riƙe ke nan. Ba wanda ya tambayi sauran, shi ma bai bi kowa da bayani ba.

Rumfar Mai Faci jingine take da bangon gidan Malam tun gashin kansu yana baƙi. Kwano ne a sama, benci a ƙasa, sai famfo, da gwangwanin sholisho na liƙa faci, da tsofaffin tayoyi, da bokitin ruwan da yake tsoma tiyub a ciki ya ga inda ya huje. Daidai saman kansa tagar ɗakin Malam take, mai sandunan ƙarfe. Da ciwo ya kwantar da Malam, sai ya sa aka jawo gadonsa gindin tagar. 'Yarsa, wadda kowa ke kira Auta, ta ɗauka don ya sha iska ne.

Ran nan da azahar Auta ta fito ta zo bakin rumfa. Ta baro aikinta da mijinta a wani gari ta zo jinya, idanunta duk sun faɗa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ba ta tashi ba.

"Baba, alfarma nake nema."

"Ina ji."

"Anjima zai karanta maka darasin nan na wata. Don Allah yau ka ce ka gane."

Mai Faci yana kankare bakin wani tiyub. Bai ɗago ba.

"In na gane zan ce."

"Tun jiya ko ruwa da ƙyar yake wucewa. Likita ya ce mu bar shi a gida kawai. Abin nan kaɗai ya rage masa a rai. Kalma ɗaya ce, Baba."

"Tashi, 'yar nan. Akwai ƙusoshi a ƙasan."

Ta tashi, ta koma ciki.

Malam a gaban allo ya ƙare ƙuruciyarsa, yana koyar da 'yan firamare har alli ya busar masa da yatsu. Da ya yi ritaya zama ya gagare shi. Sai ya shiga cikin wasu mutane masu rubuta darussa a intanet, kyauta, ba mai biyan kowa. Akwai tsofaffin malamai irinsa, akwai 'yan makaranta, akwai waɗanda ba a ma san sana'arsu ba, kowa daga garinsu. Shafin a buɗe yake, wanda ya so ya ɗauka, wanda ya ga kuskure ya gyara. Malaman da ba su da littafi ko ɗaya a aji su sauke a waya su karanta wa yara. Darasin da ba a gama dubawa ba ana sa masa jan ɗigo. In ya nuna, a sa masa kore, sannan malamai su ɗauka.

Mai Faci bai nemi shiga wannan harka ba. Wata rana ce Malam yana karanta abin da ya rubuta da ƙarfi, shi kaɗai a ɗaki, sai murya ta zo masa daga ƙarƙashin taga.

"Wannan surutun wa kake yi wa?"

"'Yan aji huɗu."

"Ni daga aji biyu aka cire ni. Amma na haifi ubannin 'yan aji huɗu, kuma ban gane ko kalma ɗaya ba."

Malam ya rufe taga har sandunan suka yi ƙara. Yini guda ba su gaisa ba. Washegari tagar ta buɗe.

"Kai. Saurara."

Ya karanta. Ya sauya komai. Mai Faci ya ce ya gane farkon, tsakiyar ce ba ta shiga ba. Malam ya leƙo, ya daɗe yana kallon bokitin nan, inda Mai Faci ya danna tiyub cikin ruwa, ƙananan kumfa suna tasowa daga wuri ɗaya.

"Da ido za ka ga wannan hujin?"

"Ba a gani. Sai a ruwa."

"To daga yau kai ne bokitina."

"Uwarka ce bokiti," in ji Mai Faci. Malam ya yi dariya har hularsa ta faɗo waje.

Tun daga nan Malam bai ƙara yarda a sa wa darasinsa koren ɗigo ba sai ya bi ta taga. Ya laƙaba wa Mai Faci suna Sufeto, kamar masu zuwa duba makarantu a da. Har mutanen shafin suka sani. In darasi ya daɗe da jan ɗigo sai su ce yana hannun Sufeto, alhali ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa.

Abin ba mai sauƙi ba ne a wurin Mai Faci. Mutum ne da ba ya tambayar hanya, gara ya yini yana bulayi. In aka miƙo masa takarda a asibiti sai ya ce ya manta tabarau, alhali bai taɓa mallakar tabarau ba. Amma a gindin tagar nan ya furta "ban gane ba" sau ba adadi, a kan kasa lamba gida-gida, a kan inda ruwan sama yake fitowa, a kan yadda jini ke zagaya jiki. Bai taɓa jin kunya ba, domin Malam ba ya ɗaukar laifin a kan mai saurare. Cewa yake, "Ina yake kumfa?" Mai Faci ya nuna masa wurin, shi kuma ya koma ya liƙe.

Mai Faci yakan ji Malam kuma yana lallashin mutanen shafin a waya. "Sannu da ƙoƙari, ɗana. Farkon nan ni kaina ba zan iya shi haka ba. Sai dai layi na uku, zo mu duba tare."

"Lallashi ya yi yawa," in ji Mai Faci. "Ka ce masa bai iya ba."

"In na ce haka gobe ba zai dawo ba. Masu shiga da yawa, masu zama kaɗan. Mutumin da ba ka biya, in ka kore shi da baki, da me za ka dawo da shi?"

"Kai da kake shan ta a hannuna kullum fa?"

"Ni fatata ta yi kauri. Kuma ba ni da wurin gudu, kai ma haka."

Gaskiya ya faɗa. Matar Malam ta riga mu gidan gaskiya, ta Mai Faci ma haka. Ɗan Mai Faci ɗaya ne, yana can nesa, sai waya jefi-jefi. Abin da ya rage musu shi ne tagar.

Darasin wata ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Tun kafin ciwo ya kwantar da Malam suke fama da shi: me ya sa wata yake fitowa siriri, ya cika, ya sake ramewa. Malam ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge. Ya gwada da zane, Mai Faci ya ce yaran da za a karanta wa daga waya ɗaya ba za su ga zanen ba. Ya gwada da misalin ƙwarya, ya gwada da na fitila. Jan ɗigon yana nan.

Da la'asar ta yi, muryar ta zo. Ta zama kamar iska mai fita daga bawul ɗin taya.

"Sufeto. Kana nan?"

"Ina zan je?"

"Kana da aiki a hannu?"

"Aiki ba ya toshe kunne."

Mai Faci ya miƙe tsaye, abin da bai saba yi ba, don muryar ba ta saukowa har benci. Ta cikin sanduna ya ga Malam an tokare shi da matasai. Wuyansa ya zama kamar kara. A gefen gado akwai kwano cike da lemon da 'yan dubiya suka kawo, ba wanda aka ɓare. Auta ce ta riƙe masa wayar kusa da fuska, don hannunsa ba ya iya ɗauka.

Malam ya karanta. Yana yi yana tsayawa, yana jan ƙarshen kowace jimla kamar yadda ya saba yi wa aji.

"Wata ba shi da hasken kansa. Rana ce take haska shi. Kullum rabinsa yana cikin haske, rabi yana cikin duhu, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Ba abin da yake rufe shi. Yana zagaya duniya ne, mu kuma muna hangen rabin nan mai haske daga wurare daban-daban. Shi ya sa muke ganin kamar yana girma, yana ramewa."

Ya ja numfashi. Sannan ya juyo da ido.

"To?"

Auta tana bayan kan mahaifinta, inda ba zai gan ta ba. Ta kafe Mai Faci da ido. Ta gyaɗa kai a hankali, ta sake gyaɗawa. 

Mai Faci ya dube ta. Ya dubi Malam. Ya nemi watan a cikin kansa, ya juya shi ta nan, ya juya shi ta can, da gaske ya nema, kamar mai lalube a aljihun da ya san ba komai. Bai samu ba.

"Ban gane ba."

 Sai kafaɗun Malam suka fara motsi. Auta ta ɗauka shaƙewa ce, ta kai hannu ga kofin ruwa. Ashe dariya ce, ba ta da sauti.

"Taurin kai," in ji shi. "Ina yake kumfa?"

"Inda ka ce ba abin da yake rufe shi. In rabinsa kullum da haske, ran da ya dawo kamar yankan farce ina sauran ya tafi?"

"Yana nan."

"Ban gan shi ba."

Malam ya lumshe ido. Mai Faci ya ɗauka barci ne ya ɗauke shi.

"To," in ji Malam. "Gobe."

"Allah ya kai mu."

Auta ta miƙa hannu ta kan gadon ta jawo tagar. Ba ta buga ba. A hankali ta rufe, ta sa sakata.

Da safe Mai Faci yana ba tayar wani keke iska ya ji kuka ya tashi a cikin gidan. Ya tsaya da famfo a hannu. Mai keken ya ce, "Baba, saura kaɗan." Ya ƙarasa masa, ya taɓa tayar da yatsa, ya ɗaura bawul, sannan ya wanke hannu a bokiti ya shiga.

Ya bi gawar har inda aka kai ta. A baya ya tsaya. Da aka dawo, masu gaisuwa suka cika ƙofar gida, wasu suka zauna masa a benci ba su tambaya ba. Ba wanda ya yi masa gaisuwa shi. Ai ba ɗan'uwa ba ne, maƙwabci ne. Kafin yamma labarin ya zagaya, domin wata mata da ke tsakar gida lokacin ta ji komai.

"Mutum yana kan gargara, ka ce masa ba ka gane ba," in ji mai shagon da ke tsallaken titi, ba tare da ya rage murya ba. "Ko dutse ne ai ya yi laushi."

"Zuciyar tasa ta zama roba," in ji wani. "Abin da mutum ya daɗe yana taɓawa shi yake zama."

Mai Faci yana jin su. Ya jawo wani tiyub da ba na kowa ba, ya tsoma a ruwa.

Kwanakin da suka biyo baya masu gaisuwa suka riƙa raguwa, har tabarmin ƙofar gida suka koma ɗaya. Tagar ba ta buɗe ba. Da safe bai damu ba, akwai masu kai yara makaranta, akwai masu kurar ruwa da tayoyinsu da ba sa rabo da ƙusa. La'asar ce matsala. In inuwar rumfa ta kai bakin kwata, sai ya ji ya rage bugun guduma da kansa, ya karkata kunne. Sai ya tuna. Sai ya buga gudumar da ƙarfin da aikin bai nema ba.

Ɗansa ya kira. "Baba, na ji Malam ya rasu. Allah ya jiƙansa."

"Amin."

"Kana lafiya dai?"

"Lafiya."

"Kana cin abinci?"

"Ina ci."

 Ɗan ya ce ana kiransa a wurin aiki.

Wata magariba yana haɗa kaya ya ɗaga kai ya ga jinjirin wata a yamma, siriri, a kan rufin shago. Ya tsaya ya dube shi kamar yadda ake duban wanda ya ci maka mutunci a gaban jama'a. Ya ja ƙyauren akwatin kayansa ya kulle.

Auta ba ta gaishe shi ba tun ranar. In ta fito sai ta bi ta ɗaya gefen. Ran da ta zo, a tsaye ta tsaya, wayar mahaifinta a hannu.

"Shugabar mutanen shafin ce ta aiko. Ka ji da kunnenka."

Ta danna. Muryar wata mata ce, dattijuwa, mai natsuwa. Ta yi ta'aziyya. Ta ce Malam ne ya riƙe su lokacin da kowa ya watse. Ta ce sun yi shawara a sa wa darasinsa na ƙarshe koren ɗigo, don girmama shi. Sai dai shi da kansa ya rubuta a saman darasin cewa kada a sa sai Sufeto ya ce. "Don haka, 'yata, ki roƙa mana shi. Ya ce e kawai, mu rufe maganar."

Auta ta kashe. Ta jira.

"Yara za a karanta wa?" in ji Mai Faci.

"E."

"Su ma za a ce su ce sun gane, don girmama mamaci?"

"Baba." Ta matso. "Kalma ɗaya ka hana shi ya tafi da ita. Yanzu ma ba za ka ba shi ba?"

"Bai roƙe ni ba."

"Ni na roƙe ka. A durƙushe."

"Ba ke kika rubuta ba."

Ta dube shi kamar za ta jefe shi da wayar. Sai ta danna wani wuri ta miƙo masa ita daf da baki.

"To ka faɗa musu da bakinka. Ni ba zan iya ba."

Mai Faci bai taɓa magana da mutanen da ba ya gani ba, in ba ɗansa ba. Ya gyara zama. Ya goge hannu a wando.

"Ni ne," ya ce. "Ban gane ba. Ya ce rabin wata kullum da haske. Ya ce ba abin da yake rufe shi. To ran da ya rame, ina sauran ya tafi? Nan ne yake kumfa. Shi ke nan."

Ta tura. Ta juya ta shige.

Da yammacin nan ya fara jin wayar. Tana cikin ɗakin Malam, bayan rufaffiyar taga, tana ƙara, ta yi shiru, ta sake. Washegari haka. Jibi haka. Yakan ji Auta ta shigo ta ɗauka, wani lokaci ya ji muryoyi suna tashi ƙasa-ƙasa, maza da mata, kamar ana gardama a nesa. Bai ji abin da suke cewa ba. Ya ɗauka zaginsa ake yi. Bai ga laifinsu ba.

A cikin gidan kuma an fara jan kaya. Ya ji an ja gado daga gindin taga an mayar da shi inda yake a da. Ya ji ana ɗaure kwalaye. Mai shago ya ce Auta za ta koma gidanta, a kulle gidan har a ga yadda za a yi da shi.

Da la'asar, inuwa ta kai bakin kwata, sai sakata ta yi ƙara a saman kansa. Bai ɗago ba. Ya ƙi yarda da kunnensa.

"Baba."

"Na'am."

"Mutanen nan sun hana ni sakat." Muryar ba fushi a ciki, gajiya ce. "Tun da ka yi maganar nan suke ta yi. Waɗanda ba su taɓa rubuta ko layi ɗaya ba sun fito. Har wani ɗan jami'a da ya yi zuciya ya tafi tun bara, don an gyara masa rubutu, ya dawo. Wata malama ta karanta wa ajinta darasin, ta tambaye su tambayarka. Ta ce duk ajin sun yi shiru, sai wata yarinya ta ce gajimare ne yake cinye shi."

Mai Faci ya ajiye guduma.

"Kowa ya kawo nasa, ana ta rushewa. Jiya suka tsaya a kan ɗaya. Malamar ta gwada da yaran a fili. Sun ce a kawo maka."

"Sun taɓa masa rubutu?"

"Sun taɓa. Sun cire layi ɗaya, sun ƙara wasu."

 Mutum bai daɗe a ƙasa ba, har an sa hannu a kayansa. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tuna yadda Malam yakan yi in ya tashi da safe ya tarar wani baƙo ya gyara masa darasi cikin dare. Murna yake yi kamar an yi masa haihuwa. Rijiya ce, in ji shi, kowa ya ɗiba, kowa ya yashe.

"Karanta."

Ta karanta. Farkon na Malam ne, ba a taɓa ba. "Wata ba shi da hasken kansa. Rana ce take haska shi." Mai Faci ya runtse ido. Ita ba ta sani ba, amma tana jan ƙarshen jimla yadda mahaifinta yake ja, tana tsayawa inda yake tsayawa.

Sai ta shiga sabon wurin.

"Kada ka yarda don an faɗa maka. Ka jira ranar da za ka ga wata a sama tun rana ba ta faɗi ba. Ka ɗauki ƙwallo ko lemo, ka fita inda rana take. Ka miƙa hannunka sama, ka sa lemon a gefen watan. Ka dubi su biyun."

Ta tsaya. Ya ji motsin kwano. Hannunta ya fito ta tsakanin sanduna, riƙe da lemo. Cikin na 'yan dubiya ne. Fatarsa ta fara yamutsewa.

"Akwai wata yanzu. Na duba."

Ya daɗe yana kallon lemon kafin ya karɓa.

Ya fito daga rumfa ya tsaya a tsakiyar titi. Rana ta yi yamma, tana bugun shi ta gefe. Ya ɗaga kai ya nema. Ga shi can, fari, rabi, kamar an manta shi a sama. Ya miƙa hannu, kafaɗarsa tana ƙara.

"Baba Mai Faci," in ji mai shago, "yau kuma sama ake yi wa tallan lemo?"

Bai ji shi ba. Gefen lemon da ke fuskantar rana ya yi haske, ɗaya gefen ya yi duhu. Layin da ya raba su ya sauko daga sama zuwa ƙasa, ya ɗan karkata. Ya dubi watan. Layi ɗaya ne, karkata ɗaya. Kamar uba da ɗa.

"Yanzu ka juya a hankali wajen rana," Auta ta ɗaga murya daga taga, tana karantawa. "Kada ka sauke hannu. Kada ka kalli ranar, lemon za ka kalla."

Ya juya. Hasken ya fara janyewa daga gabansa, yana zamewa bayan lemon. Rabi ya koma ƙasa da rabi. Ya ci gaba. Ya koma siriri a baki-baki, kamar yankan farce. Ya tsaya a nan. Ba gajimare, ba inuwar kowa, ba hannun da ya rufe komai. Ya lanƙwaso wuya ya leƙa ɗaya gefen, kamar mai leƙa bayan ƙyaure. Hasken yana can, cif, rabin lemo, yana kallon rana. Bai je ko'ina ba. Shi ne dai ba ya tsaye a inda zai gan shi.

Yana nan, kamar yadda Malam ya ce.

Wani mai babur ya yi masa oda ya kauce ta gefensa. Mai Faci ya juya baya a hankali, hasken ya dawo yana cika, har lemon ya yi haske gaba ɗaya a saman kansa. Ya sake juyawa. Ya sake. Mai shago ya daina dariya, ya fito bakin ƙofa yana kallon sama shi ma.

Da hannun ya gaji ya sauke. Ya koma rumfa ya zauna a benci, ya ajiye lemon a cinya. Ruwan bokiti yana kwance, ba abin da ke motsi a ciki.

"Sun kuma ce in bar maka wayar," in ji Auta ta saman kansa. "Suna so a riƙa turo maka darussan kowa, ba na Baba kaɗai ba. Dannawa ɗaya ce, zan nuna maka."

"Ni da taga na saba."

 Ta bayanta ana ganin ɗakin, katifa a naɗe, kwalaye a ɗaure, ƙusar da agogon bango ya bari.

"Wannan ne ya rage," ta ce. "Da na tura musu amsarka, sai in kira mota. Gobe da safe in kulle."

Ya juya lemon a hannu.

"Koma farko," ya ce. "Inda ya rubuta da kansa."

Ta dube shi ta cikin sanduna. Ba ta tambayi dalili ba. Ta koma farko. Wata ba shi da hasken kansa. Ta ja ƙarshen, ta tsaya inda ake tsayawa. Mai Faci ya jingina ƙeyarsa da bango, daidai wurin da shekaru suka yi wa fentin baƙin tabo. Ya saurara har ta kai ƙarshe.

Inuwar rumfa ta haye kwata ta kama titi. Watan ya fara yin haske a saman rufin.

"Na ga fuskarka a titi, Baba," ta ce a hankali. "In tura musu su sa kore?"

Ya dubi tagar da za a kulle gobe in ya ce e, ya rufe lemon da tafukansa biyu.

"A'a," ya ce. "Ba yau ba."